Rowland Bingham: Mutumin da Zazzaɓi ya Kora Sau Biyu

Ranar 4 ga watan Disamba na shekarar 1893 wani jirgin ruwa da ya taso daga Ingila ya iso Legas, samari uku suka sauka da 'yan akwatunansu. Babbansu shi ne Walter Gowans, mutumin Kanada, mai shekara 25. Na biyu Thomas Kent daga birnin Buffalo na Amurka. Ƙaraminsu kuwa Rowland Victor Bingham, wanda saura mako biyu ya cika shekara 21. Babu wata ƙungiyar mishan da ta aiko su, gama duk waɗanda aka roƙa sun ƙi, kuɗin da ke hannunsu kuma bai taka kara ya karya ba. Niyyarsu ita ce su kai bishara ƙasar Sudan. A bakin Turawan wancan zamani Sudan na nufin dukan ƙasashen baƙar fata da ke shimfiɗe kudu da hamadar Sahara, har da ƙasar Hausa, da Barno, da Nufe, inda aka ƙiyasta akwai mutum miliyan 60. Kafin shekara ta gaba ta ƙare, biyu daga cikin samarin nan suna kabari. Na ukun ya ƙara shekara 49 a duniya.

Yawancinmu mun san sunan Bingham ta wurin jami'ar da ke Karu da kuma asibitin koyarwa na Jos, wanda mutane suka fi sani da Jankwano. Sunan da aka rubuta a ƙofar jami'a yakan sa a zaci mai shi ya yi tafiyarsa daga nasara zuwa nasara. Shekaru tara na farkon aikin mutumin nan kuwa babu abin da ke cikinsu sai ciwo, da mutuwar abokai, da kunya, da wata tambaya da ta kusa rushe bangaskiyarsa.

An haife shi ranar 19 ga Disamba 1872 a wani ƙaramin gari da ake kira East Grinstead a kudancin Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, gidan ya shiga matsi, tilas yaron ya fara neman abin da zai taimaki uwarsa. Yana da shekara 15 ya ba da ransa ga Yesu Kristi ta wurin wa'azin Rundunar Ceto, waɗannan masu bi da ke fita tituna da ganguna da ƙahoni suna shelar bishara ga talakawa. Shekara guda bayan haka ya haye teku zuwa Kanada. Can ya yi hidima cikin Rundunar Ceto na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma ƙarƙashin wani fasto a Toronto mai suna John Salmon.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan wannan fasto, domin abin da Bingham ya koya a wurinsa shi ne ya zama masa abin tuntuɓe daga baya. Salmon mutum ne mai himma da addu'a, yana kuma cikin waɗanda suke koyar da cewa warkar da jiki tana cikin abin da mutuwar Kristi ta saya wa kowane mai bi tun a wannan rai, kamar yadda gafarar zunubi take. Bisa ga wannan koyarwa, mai bi da ke tafiya cikin nufin Allah yana da ikon ya karɓi lafiya ta wurin bangaskiya. Koyarwar ta bazu ƙwarai a Amurka da Kanada a shekarun nan, kuma mutanen kirki da yawa sun riƙe ta. Saurayi Bingham ya sha daga wannan rijiya.

A Toronto ɗin ne ya haɗu da wata dattijuwa, Margaret Gowans, mahaifiyar Walter. Ta gayyace shi gidanta cin abinci, ta shimfiɗa masa labarin ƙasar Sudan da nawayar da Allah ya ɗora wa ɗanta, wanda a lokacin yana Ingila yana bin ƙofofin ƙungiyoyin mishan ana sallamarsa hannu wofi. Maganar tsohuwar ta hana Bingham barci. Ba a jima ba ya shiga jirgi ya bi Walter, Thomas Kent kuma, abokin karatun Walter, ya same su a can.

Ƙasar da ke cin baƙi

Masu aikin bishara da suka tarar a Legas ba su ɓoye musu kome ba. Shugaban mishan na Methodist ya faɗa musu ƙarara cewa ba za su ga ƙasar Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai ko jikokinsu. Ana iya ganin maganar ta yi tsauri, amma mutumin ya san abin da yake faɗi. Tun shekaru da yawa kafin wannan lokaci cututtukan ƙasarmu suna cin Turawa kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Mu mutanen ƙasar Katagum muna da shaida a ƙofar gidanmu. A watan Janairu na 1824 wani likita Bature, Walter Oudney, wanda ya taso daga Kukawa tare da Hugh Clapperton za su Kano ta tsohuwar hanyar fatake, ya rasu a Murmur kusa da garin Katagum, aka binne shi a can. Shi likita ne, yana tafe da izinin gwamnatin Ingila da kariyar Shehun Barno, duk da haka bai ga Kano ba. Ina ga samari uku marasa kuɗi, marasa majiɓinci?

Ba su daɗe a Legas ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham. Da ya ɗan farfaɗo aka shirya cewa shi zai zauna a bakin teku yana karɓar saƙo da guzuri yana aika musu, Gowans da Kent kuma su nausa arewa. Suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara, suka bi ta Bida. Gowans ya kai wani gari da ake kira Girku a ƙasar Zazzau, cikin Jihar Kaduna ta yau, ya sa Kent ya koma baya ya kawo ƙarin kaya. Yana nan shi kaɗai sai mayaƙan Kwantagora masu farautar bayi suka auka wa garin. Ya faɗa hannunsu, ya yi hasarar kayansa, ciwo kuma ya riga ya ci jikinsa. Da ƙyar ya kai Zariya, inda ya tarar da ayarin Charles Robinson, Baturen nan da daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa. Likitan ayarin ya duba shi, aka ba shi shawara ya koma bakin teku. Bai wuce Girku ba. Ya rasu a can cikin watan Nuwamba 1894, babu ɗan'uwa a kansa. Kent kuma, wanda ke kan hanyar komowa da kayan, zazzaɓi ya gama da shi a Bida cikin watan Disamba, makonni uku kacal bayan abokinsa.

A 1895 Bingham ya koma Kanada. Bai kafa tasha ko ɗaya ba, bai yi wa kowa baftisma ba, bai ko taka ƙasar da ya ce Allah ya kira shi zuwa gare ta ba. Abin da ya kawo gida shi ne jiki mai rauni da 'yan kayan Walter da zai miƙa wa uwarsa.

Ya je gidan tsohuwar zuciyarsa na dukan uku-uku, gama wace magana saurayi zai faɗa wa uwar da ɗanta ya mutu a wurin da shi ya tsira? Margaret Gowans ta karɓe shi, ta riƙe hannunsa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta sanar da shi cewa ta gwammace ɗanta ya mutu shi kaɗai a ƙasar Sudan yana biyayya ga Ubangijinsa da a ce yana zaune lafiya a gida cikin rashin biyayya. Bingham bai manta da wannan rana ba har ƙarshen ransa. Matar nan kuwa ba ta tsaya ga magana ba. Ta ci gaba da addu'a domin ƙasar da ta ci ɗanta, tana neman abin da za a aika. In ana lissafin waɗanda suka kafa wannan aiki, rashin adalci ne a tsaya ga maza uku a manta da ita.

Tambayar da ta girgiza shi

Ƙarfin halin tsohuwar bai kawar da duhun da ke cikin zuciyar Bingham ba. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Lissafin da ke damunsa mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bakin gadon mara lafiya ya san shi. An koya masa cewa mai bi mai biyayya yana da alkawarin lafiya. Walter da Thomas sun bar kome saboda Kristi, sun yi addu'a, sun ba da gaskiya, babu kuma wanda zai ce akwai wani ɓoyayyen zunubi da ya hana su warkewa. Duk da haka sun mutu, suna samari, aikin bai ko fara ba. To, ko dai Allah bai cika alkawarinsa ba, ko Littafi Mai Tsarki ba abin dogara ba ne, ko kuwa abin da aka koya masa ba shi ne abin da Littafin ya faɗa ba.

Mutane da yawa sukan tsaya a kan amsa ta fari ko ta biyu, su bar ikkilisiya shiru ba tare da sun gaya wa kowa dalili ba. Waɗansu kuma sukan rufe ido su ɗora wa mamaci laifi, su ce bangaskiyarsa ce ta kasa. Bingham ya ɗauki hanya mafi wuya. Ya koma ga Littafi Mai Tsarki watanni da yawa yana bincike, yana son ya ga ainihin abin da Allah ya alkawarta da abin da mutane suka ɗora masa a baki. Ya yi ɗan koyon aikin jinya a wani asibiti, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki a New York, ya karɓi aikin fasto a wata ikkilisiyar Baftis a garin Newburgh. A hankali ƙafafunsa suka sake samun wurin tsayawa.

Abin da ya gano ya rubuta shi a wani ƙaramin littafi da ya fito a 1921, The Bible and the Body, wato Littafi Mai Tsarki da jikin mutum. Bai musanta cewa Allah yana warkarwa ba, bai kuma hana a yi wa mara lafiya addu'a ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce warkewa hakki ne da kowane mai bi zai karɓa yanzu in dai bangaskiyarsa ta isa, da kuma a ɗauki shan magani a matsayin rashin dogara ga Allah. Cikakkiyar fansar jiki tana nan zuwa, amma sai ranar tashin matattu. Duk mai karanta wasiƙun Manzo Bulus da natsuwa zai ga inda wannan fahimta ta samo tushe. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta, kamar yadda 2 Korintiyawa sura 12 ta nuna. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas yana ciwo. Ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Abafaroditas ya kai bakin mutuwa saboda aikin Kristi, Bulus kuma ya umarci Filibiyawa su girmama irinsa, bai tuhume shi da ƙarancin bangaskiya ba. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Wannan magana ta fi ƙarni guda, amma kamar domin gidajenmu aka yi ta. Sau nawa uwa ta yi azumi, ta zagaya wuraren addu'a da yaro mai ciwon sikila ko farfaɗiya, sa'an nan wani ya ƙara mata kaya a kan kaya da cewa da ta ba da gaskiya sosai da ya warke? Sau nawa aka hana mai hawan jini ko ciwon sukari shan maganinsa da sunan bangaskiya, har aka kai shi asibiti lokaci ya ƙure? Iyalan da suka rasa 'yan'uwa sa'ad da bama-bamai suka tashi a Azare a 2014, Kirista da Musulmi duka, ba domin sun fi sauran mutanen gari zunubi abin ya same su ba. Koyarwar da ke yi wa mutum alkawarin abin da Allah bai alkawarta ba tana da daɗi a kunne ranar Lahadi, amma ranar jana'iza takan bar mai makoki da mutuwa biyu, ta ɗan'uwansa da ta dogararsa. Bingham ya ɗanɗana wannan da kansa, shi ya sa ya yi magana a kanta da ƙarfi, ko da yake hakan ya sa ya saɓa da mutanen da yake ƙauna, waɗanda suka rene shi cikin bangaskiya.

Faɗuwa ta biyu

A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma aka kafa majalisar da za ta tsaya wa aikin a Toronto. Ya bar albashinsa na fasto, shi da amaryarsa suka shiga zaman dogara ga abin da Allah ya kawo. A 1900 ya sake shiga jirgi zuwa Legas tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓin ya sake kama shi, aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ce a mayar da shi gida in ana son ransa. Aka ɗauke shi zuwa jirgi. Samarin biyu sun yi alkawarin ci gaba, amma labaran da suka ji a Legas suka karya musu zuciya, suka biyo shi a jirgi na gaba.

A ganina wannan faɗuwa ta fi ta fari ciwo. A karo na fari akwai kaburbura biyu da mutane za su girmama. A karo na biyu babu kome sai kuɗin masu bi da aka kashe a banza, da shugaban da jikinsa ya ƙi ƙasar, da abokan aiki da suka gudu. Masu ba da taimako suka ja da baya, waɗansu suka fara cewa ashe gaskiyar ƙungiyoyin da suka ƙi tun farko. Bingham ya kira wannan lokaci mafi duhu a dukan rayuwarsa. Shekara bakwai ke nan da fara aikin, babu tasha, babu mai tuba ko ɗaya. Kowane mai hankali zai ce masa ya koma aikin fasto, ya rene iyalinsa, ya bar Sudan ga jikoki kamar yadda aka faɗa masa a Legas.

Bambancin shi ne, a wannan karo tushen bai girgiza ba. Ya riga ya koyi cewa kiran Allah ba ya zuwa da takardar lamunin lafiya ko ta nasara nan da nan, saboda haka ciwon jikinsa bai zama masa hujjar cewa Allah ya janye kiran ba. Abin da ya karɓa da tawali'u shi ne cewa ba shi ne zai shiga ƙasar da ƙafarsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ɗauki kansa majagaba. Ya yarda ya zama mai zama a gida, mai yawo daga ikkilisiya zuwa ikkilisiya yana roƙo, yana rubuta wasiƙu, yana neman waɗanda za su je inda shi ya kasa.

A 1901 ya tura ayari na uku, mutum huɗu. A farkon 1902 suka kafa tasha a Patigi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Ko a nan ma mutuwa ba ta ɗaga ƙafa ba, gama cikin shekara biyu ɗaya ya rasu, biyu aka mayar da su gida da ciwo. A. W. Banfield ne ya rage, wanda daga baya ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Amma kafin ƙarshen 1902 wani ya iso wanda ya zauna daram, wato Dokta Andrew Stirrett, mai kantunan magani a Toronto, wanda ya sallama dukiyarsa ga mishan ya taho yana ɗan shekara 37. Hausawa suka raɗa masa suna Bature Mai Magani. Ya ƙaunaci Hausa da Hausawa, ya yi wa'azi a kasuwanni da zangon fatake har tsufansa, ya rasu a 1948.

A daidai waɗannan shekaru kuma Allah ya kawo taimako ta wata ƙofa da masu ƙin magani ba za su so ba. A 1897 wani likita a Indiya, Ronald Ross, ya tabbatar cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin. Maganin kwinin kuwa an san amfaninsa tun da daɗewa. A 1854 Dokta William Baikie ya shiga kogin Binuwai da jirgi, tare da Samuel Ajayi Crowther, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya komo ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya ba. Da masu aikin mishan suka riƙe shan kwinin a kai a kai, da kwana cikin gidan sauro, da tafasa ruwan sha, sai mace-macen suka ragu ƙwarai. Stirrett ya tsananta a kan waɗannan dokoki kamar soja. Babu wanda ya ga saɓani tsakanin durƙusawa a yi addu'a da asuba da haɗiye ƙwayar magani mai ɗaci bayan an tashi.

Daga nan aikin ya fara tafiya, ko da yake tafiyar hawainiya ce. Aka buɗe Wushishi a 1904, Egbe a 1908, sa'an nan Kwoi, Karu, Miango, da Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917. Baftisma ta fari an yi ta a ƙasar Yagba a 1909, shekara 16 bayan saukar samarin nan uku a Legas. A ƙasar Nijar aka shiga Damagaram a 1924, Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin haɗin gwiwar ƙungiyoyin mishan da malaman Hausa, inda Dokta Walter Miller na Zariya ya ɗauki kaso mafi girma. Gaskiya kuma ita ce, a yawancin ƙauyuka ba bakin Bature ne ya fara kai bishara ba. Masu bishara 'yan ƙasa ne suka yi ta tafiya a ƙafa da keke, suna noma da hannunsu domin su ci, da yawa kuma sunayensu ba su shiga littafi ba.

Masarautun arewa, inda zuciyar Gowans take tun farko, su ne suka fi daɗewa a rufe. Bayan Turawan mulki sun ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatinsu ta hana masu mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi, har da Katagum, Misau da Jama'are, domin alkawarin da ta yi cewa ba za ta taɓa addini ba. Bingham ya yi shekaru yana jayayya da gwamnati a kan wannan, wani lokaci da kaifin harshe fiye da yadda ya kamata, gama shi mutum ne da ba ya ja da baya a gardama. Abin mamaki shi ne hanyar da ƙofar ta buɗe. A shekarun 1930 gwamnati da sarakuna suka nemi wanda zai kula da masu ciwon kuturta, mishan ta karɓa. Haka aka sami wuraren jinya na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Mutumin da ciwo ya kora sau biyu daga bakin teku ya rayu har ya ga aikinsa ya shiga ƙasar Hausa ta wurin wanke gyambon marasa lafiya da kowa ke gudu.

Duk wannan lokaci yana Toronto yana aiki kamar mutum uku. Daga 1904 ya riƙe editan wata mujalla mai suna Evangelical Christian har ƙarshen ransa. Ya kafa kamfanin buga littattafai a 1912, da wurin taron farkawa na shekara-shekara a 1924, da gida a garin Collingwood domin 'ya'yan masu mishan, wanda aka sa wa sunan Gowans. Da lafiya ta samu, hanyoyin kariya kuma suka inganta, ya sake zuwa Nijeriya a ziyara fiye da sau ɗaya, ya ga ikkilisiyoyi cike da mutane a ƙasar da aka ce ba zai gani ba.

Tsufansa ma bai kuɓuta daga makoki ba. Aikin da aka fara a Habasha a 1927 ya gamu da mamayar Italiya. A 1936 aka kashe ma'aikata biyu, Tom Devers da Cliff Mitchell, a hanya, a 1937 kuma aka kori sauran daga kudancin ƙasar. A yankin Wolaita sun bar masu bi 48 kacal da aka yi wa baftisma, da 'yan sassan Littafi Mai Tsarki cikin harshensu. Sojojin Italiya suka tsananta musu, aka yi wa shugabanninsu bulala, aka jefa su kurkuku. A watan Agusta 1940 kuma jiragen yaƙin Italiya suka jefa bam a tashar Doro a ƙasar Sudan ta Kogin Nilu, Dokta Robert Grieve da matarsa Claire suka mutu. Bingham, dattijo mai kusan shekara 70, shi ne ya sake zama mai isar da labarin mutuwa ga iyaye, aikin da ya fara tun yana ɗan shekara 22. Sa'ad da aka kori Italiya daga Habasha a 1941, hanya ta sake buɗewa, sai aka tarar mutum 48 ɗin nan sun zama dubbai, da ikkilisiyoyi masu yawa da suka kafa da kansu, ba Bature ko ɗaya a tsakaninsu.

A ƙarshen 1942 yana shirin bikin cikar aikin shekara 50, yana kammala littafin tarihinsa, sai ciwo ya buge shi farat ɗaya. Ya rasu ranar 8 ga Disamba 1942, saura kwana 11 ya cika shekara 70. A lokacin mishan ɗin tana da ma'aikata kimanin 400. Littafin ya fito a 1943, bayan an binne shi. A 1946 aka buɗe makarantar Kent a Miango da sunan saurayin da ya mutu a Bida, a 1954 kuma ikkilisiyoyin da suka tsiro daga aikin SIM a Nijeriya suka haɗu suka zama ECWA. Kabarin Walter Gowans yana Girku.